Barewar Portland: Yadda Allon Tallar Sukari Ya Koma Dukiyar Birni

Duk wanda ya taso daga gabashin birnin Portland na jihar Oregon a Amurka da almuru, ya hau gadar Burnside zai tsallake kogin Willamette ya shiga tsakiyar gari, akwai abin da idonsa ba zai kauce masa ba. A hannun dama, can saman rufin wani tsohon gini, an kafa wani ƙaton allo a kan ƙarafa. Taswirar jihar Oregon ce aka zana da fitilar niyon. A cikinta an rubuta "Portland Oregon" da ƙwayayen lantarki masu walƙiya, a ƙasa an sa "Old Town", wato tsohuwar unguwa, a sama kuma wata farar barewa ta daka tsalle kamar za ta fice daga taswirar. Idan ƙarshen Nuwamba ya zo, sai a kunna mata jan hanci har a gama bukukuwan ƙarshen shekara.

Baƙo zai ɗauka hukumar birni ce ta kafa shi tun asali don yi wa mutane barka da zuwa. Alhali talla ce ta 'yan kasuwa. Sau huɗu allon yana ɗaukar rubutu daban, ya mutu an farfaɗo da shi fiye da sau ɗaya, kuma sai da ya shekara 70 a kan rufin nan kafin birnin ya mallake shi. Labarinsa ya nuna abin da dokar tsara birni za ta iya yi wa tsohon allo, ya kuma nuna inda ƙarfinta yake ƙarewa.

A shekarar 1940 ne kamfanin ƙera alluna na Ramsay Signs ya haɗa shi, ya ba kamfanin sukari na Amalgamated Sugar haya. Rubutun farko shi ne "White Satin Sugar", sunan sukarin da suke sayarwa. A 1950 aka ƙara masa dabara, fitilun suna kamawa daki-daki daga ƙasa zuwa sama, sai ka ga kamar ana zuba sukari yana cika taswirar. A riƙe wannan tun yanzu, domin shi ne tushen duk rigimar da ta biyo baya: allon na Ramsay ne, ginin na wani ne, mai talla kuma ɗan haya ne. Hannu uku a kan abu ɗaya, kowa da lissafinsa.

A 1957 masu ginin suka karɓi allon don tallar kansu. Kamfanin ɗinki ne da ya fara da suna Hirsch-Weis, daga sunayen iyalan da suka kafa shi. A Jamusanci sunan farko na nufin barewa, na biyun kuma yana kama da kalmar fari, to daga nan aka sami White Stag, farar barewa, sunan da suka sa wa tufafinsu na wasanni da na wasan zamiya a kan ƙanƙara. Aka sauke sunan sukari, aka rubuta "Home of White Stag Sportswear", aka ɗora barewar a sama. Shekara biyu bayan haka, a Kirsimetin 1959, aka sa mata jan hanci irin na barewar tatsuniyar da yaran can suka sani. Wannan ɗan ƙaramin ƙari shi ya shigar da allon zukatan mutane. Yaron da aka ɗauko a mota aka nuna masa jan hancin a 1960, shi ne ya girma ya ɗauko ɗansa, daga baya ya ɗauko jikansa. Mun san irin wannan a gida: a Kano ana cewa "sauke ni a Bata", a Kaduna ana kwatance da shataletalen Leventis, mai faɗin ba takalmi ko kanti yake nufi ba, wuri yake nufi.

A daidai lokacin da mutanen Portland ke sabawa da barewarsu, iskar da ke kaɗawa a Amurka ta juya wa manyan alluna baya. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ƙawata manyan hanyoyi, wadda ta taƙaita allunan talla a gefen titunan tarayya. Birane suka bi sahu da nasu dokokin: iyakar girma, iyakar tsawo, hana fitila mai ƙyaftawa, hana ɗora allo a kan rufi. Niyon da ake yi wa kallon alamar ci gaba kafin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya zama ana danganta shi da unguwannin da suka lalace. Alluna masu yawa aka sauke aka kai bola a wannan zamani.

Dokokin tsara birni na Amurka suna da wata ƙa'ida game da abin da ya riga doka zuwa. Idan allonka yana nan kafin a kafa sabuwar doka, galibi ana barinsa ya ci gaba da zama ko da ya saɓa mata. Amma wannan sassauci yana da sharuɗɗa masu tsauri. A birane da dama, in ka sauke allon ko da don gyara ne, ko ka canza shi sosai, ko aka bar shi babu mai amfani da shi na wani lokaci, to ya rasa wannan haƙƙi, ba ya komawa. Manufar ita ce tsofaffin alluna su ƙare da kansu sannu a hankali ba tare da hukuma ta biya diyya ba. Mai tsohon allo sai ya sami kansa gaba kura baya siyaki. Ya gyara, doka ta ce sabo ne, ba a yarda ba. Ya bari, tsatsa da ruwan sama su cinye shi. Na daɗe ina ganin wannan ƙa'ida ta yi wa tarihin birane ɓarna fiye da guguwa, domin tana hukunta mai kula da kayansa.

Abin da ya fitar da allon Portland daga wannan tarko shi ne matakin da birnin ya ɗauka a 1977, lokacin da ya sa shi cikin jerin kayan tarihin gari. Daga ranar, ba a sauke shi ko a canza kamanninsa sai da amincewar hukumar kula da kayan tarihi ta birnin. Abin lura a nan shi ne allon bai kai shekara 40 ba a lokacin, kuma tallar kamfanin tufafi ce tsagwaronta. Waɗanda suka yanke wannan shawara sun hango abin da birane da yawa ba su gane ba sai bayan sun yi asara.

Sai dai takardar tarihi ba ta biyan kuɗin wuta. Kamfanin Warnaco ya sayi White Stag a 1966. A farkon shekarun 1970 ginin ya koma hannun iyalin Naito, 'yan kasuwa 'yan asalin Japan da suka yi fice wajen raya tsofaffin gine-ginen unguwar, masu ɗinki kuma suka kwashe kayansu suka fita. A shekarun 1980 kamfanin ya bar Oregon gaba ɗaya. Allon yana cewa nan ne gidan White Stag, alhali White Stag ta yi ƙaura. Da masu talla suka daina biya, a 1989 fitilun suka mutu. Babu wata doka da aka karya. Allon yana nan daram inda yake, babu wanda ya taɓa ko ƙusa ɗaya, amma da dare duhu ne kawai a saman rufin. Bill Naito ne ya ɗauki nauyin kuɗin wutar aka sake kunnawa. Ya yi ne don ra'ayin kansa, babu wanda zai iya tilasta masa.

Kula da allon niyon ba ƙaramin aiki ba ne, kuma sai an san haka za a gane dalilin da ya sa kowa ke ture wa ɗan'uwansa nauyin. Kowane layi na haske bututun gilashi ne da mutum ya lanƙwasa da hannu. Maƙerin yana shimfiɗa zanen harafin a kan tebur, ya gasa gilashin a kan harshen wuta har ya yi laushi, yana hura iska ta wata 'yar roba da ke bakinsa don kada bututun ya manne a inda ya karya kwana. Sannan a zuƙe iskar ciki, a ɗura iskar niyon mai ba da ja, ko ta argon mai ba da shuɗi, a toshe, a haɗa da tiransifoma mai ƙarfin wuta sosai. Bututu ɗaya ya tsage, wannan yanki na harafin ya mutu, sai an hau rufi an cire shi an yi wani daidai da shi. Ga ɗaruruwan ƙwayayen lantarki da ke ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, ga ƙarfe a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa tsawon watanni.

Bill Naito ya rasu a 1996, kuma tambayar wa zai biya kuɗin gyara ta dawo sabuwa tsakanin Ramsay da masu ginin. Maganar ta kai har ana batun ɗauke allon daga wurin, sai da magajiyar gari Vera Katz ta shiga tsakani. Mafitar da aka samu a 1997 ita ce a ba allon sabon ɗan haya. Iyalin Naito suna da jerin shaguna masu suna Made in Oregon da ke sayar da kayan da aka yi a jihar. Aka sauke "White Stag" aka rubuta "Made in Oregon" da salon rubutu mai kama da na da, aka maye "Sportswear" da "Old Town". Taswirar tana nan, barewar tana nan, jan hancin yana nan.

A ganina wannan shi ne mataki mafi hikima a duk tarihin allon. Mai tsattsauran ra'ayi zai ce abin da aka sa a jerin tarihi a 1977 shi ne allon White Stag, canza rubutu kuwa ɓata tarihi ne. Amma allon da kansa ya ƙaryata wannan, tunda ya fara rayuwarsa ne da tallar sukari. Canza suna yana cikin ɗabi'arsa. Abin da ya cancanci kariya shi ne siffar, girman, wurin da yake, da sana'ar da aka yi shi da ita. Da an dage sai sunan White Stag, da an bar allo yana tallar kamfanin da ba ya garin, babu kuma mai dalilin biya masa kuɗin wuta. An kuma yi sa'a da sabon rubutun: "an yi shi a Oregon" magana ce da kowane ɗan jihar zai ji ta shafe shi. Mutane da yawa ba su ma san tallar shago ba ce, sun ɗauka kirarin jiha ne.

Wannan sa'ar ce ta haifar da babbar rigimar. A 2006 aka sayar da ginin ga kamfanin Venerable Properties na Art DeMuro, wanda ya gyara shi tare da gine-ginen da ke manne da shi. Babban ɗan hayan da ya shigo shi ne Jami'ar Oregon, wadda mazauninta yake garin Eugene, tafiyar kusan awa biyu a mota kudu da Portland. Jami'ar ta buɗe reshenta a ginin, ta karɓi hayar allon, sai a ƙarshen 2008 aka nemi izinin canza rubutun zuwa "University of Oregon".

Ta fuskar ciniki, jami'ar ba ta yi wani abu sabo ba. Ita ke cikin ginin, ita ke biya, kuma abin da masu sukari da masu tufafi da masu shago suka yi kafinta shi take son yi. Amma gari ya ɗauki zafi. Portland tana da tata jami'ar, Portland State, a tsakiyar birni, kuma magoya bayanta sun ga abin a matsayin wata jami'a daga wani gari ta zo ta kafa tutarta a ƙofar gidansu. Wasu kuma ba ruwansu da gasar jami'o'i, abin da ya dame su shi ne allon da suke ɗauka na kowa ne zai koma na wani ɓangare.

A nan ne aka ga iyakar ikon hukumar kayan tarihi, kuma dalilin yana cikin kundin tsarin mulkin jihar. Sashe na 8 na babi na 1 na kundin Oregon yana kare 'yancin faɗar albarkacin baki da ƙarfi sosai, kuma kotunan jihar sun daɗe suna fassara shi da cewa hukuma ba ta da hurumin bambanta alluna bisa abin da aka rubuta a jikinsu. Portland ta riga ta ɗanɗana wannan. A 1998, a ƙarar da kamfanin allunan talla na AK Media ya shigar, kotu ta ce birnin ba zai iya sassauta wa zanen bango na masu fasaha ba alhali yana takura wa na talla, domin sai an duba abin da zanen ke faɗa kafin a raba su. Saboda haka hukumar tana iya tambayar girman haruffa, salon rubutu, launi, da yadda sabon zai dace da tsohon. Ba za ta iya cewa wannan suna ya yi mata, wancan bai yi ba. Ga shi kuwa abin da jama'a ke faɗa a kai sunan ne. Daga baya, a 2015, Kotun Ƙolin Amurka ta ɗaure duk biranen ƙasar da ƙa'ida mai kama da wannan a shari'ar Reed da garin Gilbert na jihar Arizona.

Da ya ga dokar tarihi ba za ta tare abin ba, ɗaya daga cikin kwamishinonin birnin, Randy Leonard, ya ɗauko makami mafi nauyi. A 2009 ya nemi majalisar birni ta yi amfani da ikon da gwamnati ke da shi na karɓe kadara don amfanin jama'a ta biya mai ita diyya. Wannan iko an saba jin sa ne idan za a fitar da hanya ko a gina makaranta. A ce za a karɓe allon talla da shi don hana rubuta wani suna, abu ne da ya tayar da ƙura, kuma ina ganin masu sukar suna da hujja. In hukuma ba ta da ikon hana kalma ta hanyar dokar alluna, ƙwace allon don a hana kalmar bin bayan gida ne zuwa wuri ɗaya. Amma barazanar ta sa an zauna teburin sulhu. A watan Afrilun 2009 aka cimma matsaya cewa allon zai ɗauki kalma ɗaya tak, "Oregon", wadda za ta iya zama sunan jiha, ta kuma iya zama sunan jami'ar.

Sulhun bai yi ƙarko ba. Kafin shekarar ta ƙare jami'ar ta janye, ta ce ba za ta sabunta hayar allon ba. Ramsay ya rasa ɗan haya, kuma babu dalilin da zai sa kamfani ya ci gaba da ƙona wuta a kan tallar da babu mai biya. A watan Oktoban 2009 aka kashe fitilun. Shekara 20 bayan duhun 1989, an dawo daidai inda aka baro: allo mai takardar tarihi, wanda doka ta hana a taɓa, yana tsaye a cikin duhu. Duk masu tayar da jijiyar wuya a kan abin da za a rubuta sun wayi gari babu abin da ake karantawa da dare.

Kusan shekara guda aka yi ana kai ruwa rana kafin a sami mafita a watan Satumban 2010. Ramsay ya ba birnin allon kyauta. Art DeMuro, mai ginin, ya ba da gudummawar dala 200,000, da ita aka biya Ramsay kuɗin canza rubutun. Birnin ya ɗauki nauyin wuta da gyara daga nan gaba. Hannu ukun nan da suka daɗe suna jan abu ɗaya suka ragu, mai allo da mai talla suka zama mutum ɗaya. Da yake birnin ne yanzu mai allon, abin da aka rubuta maganarsa ce shi kansa, matsalar tsarin mulki ta kau. Ranar 26 ga Nuwamba, 2010, aka kunna shi da sabon rubutu, "Portland Oregon".

Kwatanta wannan da abin da ya faru a birnin Boston na Amurka yana da amfani. Can ma akwai ƙaton allon kamfanin mai na Citgo a dandalin Kenmore, wanda ake hangowa daga filin wasa na Fenway. A Nuwamban 2018 hukumar kayan tarihin Boston ta amince a sa shi cikin jerin kayan tarihi, amma magajin gari Marty Walsh ya hau kujerar na-ƙi, bayan kamfanin Citgo da masu ginin da allon yake kai sun ƙulla yarjejeniyar barin allon a wurin na shekara 30. Boston ta dogara da kwantiragi tsakanin 'yan kasuwa ba tare da takardar tarihi ba. Portland ta fara da takardar, ta ga ba ta wadatar ba, ta ƙare da mallaka. A duka biyun, abin da ya bar fitila a kunne shi ne samun wanda ya sa hannu cewa shi zai biya.

Mallakar birni ma ta zo da nata ƙalubalen, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Da Portland ta zama mai allon, sai ta fara karɓar kuɗin lasisi daga masu son buga hotonsa a kan riguna da kofuna da sauran kayan sayarwa, don a rage nauyin kula da shi. Dabara ce mai ma'ana, amma ta kai birnin ga faɗa da ɗan garinsa. Wani ƙaramin kamfanin giya na unguwar, Old Town Brewing, ya riga ya yi rajistar barewa mai tsalle a matsayin tambarinsa a hukumar tarayya. Birnin ya yi ta neman rajistar hoton allon a fannin da zai ba shi damar sayar da lasisi ga manyan kamfanonin giya, hukumar tana ƙin amincewa. A 2017 maganar ta fito fili, 'yan kasuwar gari da dama suka goyi bayan ƙaramin kamfanin, sai a farkon 2018 aka sasanta. Ban ga laifin birni ya nemi kuɗin gyara daga hoton allonsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya manta dalilin da ya sa aka ba shi allon tun farko, wato don kada wani mai ƙarfi ya mayar da shi nasa shi kaɗai.

Sunan White Stag kuwa ya ci gaba da yawo. Kamfanin Walmart ya saye shi a 2003, ya riƙa manna shi a kan tufafin mata a shagunansa, nesa da Portland. Amma har yau ginin ana ce masa ginin White Stag, kuma tsofaffin 'yan garin da sunan suke kiran allon, duk da an sauke haruffan tun 1997. Barewar da aka ɗora a 1957 don a sayar da rigunan sanyi ita ce abin da ya fi daɗewa a jikinsa bayan taswirar, kuma a ƙarshen kowane Nuwamba ana kunna mata jan hancin nan na 1959.